Dajin Lekki: Idan tsuntsaye suka yi ƙaura, ruwa ne zai maye gurbinsu

A yankin Lekki na jihar Legas, inda farashin fili yake neman fin ƙarfin attajirai ma, akwai wani daji mai faɗin hekta 78 da har yau bulo bai hau kansa ba. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF, ita ce ta keɓe shi a shekarar 1990, lokacin da mafi yawan yankin fadama ce da ƙauyukan masunta. Yau benaye da rukunin gidaje sun yi masa ƙawanya. Masu lissafin kuɗin fili suna ganin barinsa haka asara ce. Wuni ɗaya na kallon tsuntsaye a cikinsa ya isa ya nuna raunin wannan lissafi.

Mai kallon tsuntsaye da sammako aka san shi, domin kafin rana ta take ne suke fitowa kiwo. Guzurinsa bai wuce madubin hangen nesa da littafin gane tsuntsaye da gorar ruwa ba, sai haƙuri, wanda ya fi su duka tsada. Yana bin gadar katako da aka shimfiɗa a kan fadama, birai suna tsalle a bisa kansa, yana rage sauri yana kasa kunne. A nan zai ga zalɓe ya ƙame a bakin ruwa yana dakon kifi, can ga dangin cilakowa suna sauka kan reshe, shirwa kuwa tana shawagi. Idan yana da ƙarfin zuciya ya hau gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka buɗe a 2015, zai hangi dajin daga sama, ya kuma hangi rufin gidajen da suka matso har bakin shingensa.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne, ko kuwa al'adar Turawa. Amma manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana karanta tsuntsaye. Da ya ga shamuwa ta sauka, ya san damina ta ƙarato, sai ya gyara gona. Abin da mai madubi ya ƙara shi ne rubuta abin da ya gani, da rana da wuri da adadi. Idan irin wannan rubutu ya taru shekara da shekaru, shi ke fara nuna cewa ruwa ya gurɓace ko fadama tana mutuwa, tun kafin mutane su ji a jikinsu.

Fadamar da ke riƙe tsuntsu ita ce kuma ke shanye ruwan sama. Duk damina ana ganin hotunan motoci sun nutse a titunan Lekki, alhali ana ci gaba da cike fadamu da yashi ana gini. Ga tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka ƙaddamar a 2023, ga matatar man Dangote, ga kuma titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba mai kimanin kilomita 700 da aka fara a 2024. Babu mai hankalin da zai ƙi ci gaba. Sai dai ruwan da aka ƙwace wa mazauninsa ba ya ɓacewa, ɗakunan mutane yake komawa.

Arewa ta riga ta ɗanɗana irin wannan. Dausayin Haɗejia da Nguru masauki ne na tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai a lokacin sanyi. Bayan gina madatsun Tiga da Challawa, tsarin malalar ruwa ya sauya, kacalla ta toshe magudanai, kuma masunta da manoma da makiyaya suka yi kuka tare da tsuntsayen.

Akwai kuma batun abinci. A Gambiya, matasa da dama suna ci suna sha da yi wa baƙi masu kallon tsuntsaye jagora. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, tana kuma da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a kusa da Jos, wadda ke yaye masana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsaro da kulawar hukuma.

Saboda haka ya kamata gwamnatin Legas ta keɓe sauran fadamun bakin teku da doka, kafin a gama rabe su. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 kuwa a yi aiki da ita tun kafin katafila ta shiga, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Makarantu su riƙa kai ɗalibai irin waɗannan wurare, domin yaron da ya san sunan tsuntsu da wuya ya ɗaga masa danƙo. Ana iya rushe bene a sake gina shi cikin shekara biyu, amma fadamar da aka binne da yashi ta tafi ke nan.