Shekara 60 da fim ɗin kaboyin Nijar: a kai shi Maine Soroa

A 1966, shekarar da Sergio Leone ya fitar da The Good, the Bad and the Ugly a Italiya, wani matashi ɗan Nijar mai suna Moustapha Alassane ya ɗauki kyamara ya shirya nasa fim ɗin kaboyi, Le Retour d'un aventurier. Tsawonsa bai wuce minti 34 ba, amma masana na lissafa shi a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya. A 2026 yake cika shekara 60.

Labarin mai sauƙi ne. Jimi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da tsarabar huluna da takalma da bindigogi irin na kaboyi, ya raba wa abokansa. Nan take suka yar da sunayen da aka raɗa musu, wannan ya zama Black Cooper, wancan Casse-Tout, budurwar da ke cikinsu, Zalika Souley, ta zama Reine Christine. Suka hau dawakai, suka raina dattawa, suka addabi garin da ya haife su. Abin da ya fara da dariya ya ƙare da jini.

A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finan Alassane, shekara biyu bayan rasuwarsa a Wagadugu. Madalla. Sai dai in aka zaga fada-fadar samari a Maine Soroa ko Diffa, inda ake kallon fim ɗin Indiya da na Kannywood a waya har dare ya raba, da wuya a samu mai labarin wannan fim. Alhali kuwa su ya fi shafa.

Tun harin da Boko Haram ta kai Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairun 2015, mutanen bakin kogin Komadugu sun san abin da ke faruwa idan yaro ya karɓi bindiga da sabon suna daga hannun wani, ya juya wa gida baya. Dokar ta-ɓaci da ta biyo baya ta hana hawan babur, ta taɓa cinikin tattasai da kifi, samari da dama suka wayi gari babu sana'a. A 1966 babu Boko Haram, da ba'a Alassane ya yi fim ɗinsa. Amma tambayar da ya jefa tana nan: me ɗan gari ke kawowa idan ya dawo, kuma wa zai biya kuɗin wasan? 'Yan ci-rani da ke Libiya da Legas da Faransa ma tambayar tasu ce.

Saboda haka bikin bai kamata ya tsaya a ɗakin taro a Yamai ba, da jawabai da lemo. Cibiyar Fina-finai ta Ƙasa, CNCN, da hukumomin jihar Diffa su nemi kwafi mai kyau, a sa masa fassarar Hausa da Kanuri da Fulatanci. Abin da ya rage majigi ne da farin ƙyalle da janareta, a kafa a Maine Soroa da yamma, a lokacin da matakan tsaro suka yarda, sannan a bar samari da dattawa su yi ta muhawara bayan an kashe majigin.