Inda Maganar Talaka Ke Ɓacewa A Arewacin Zamfara

Ran 3 ga watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle. A kwanakin nan ne kuma aka hana cin kasuwannin mako-mako, da sayar da man fetur a jarka, da safarar dabbobi. Manufar ita ce a toshe wa ɓarayin daji kafar samun labari da abinci da mai.

Dabarar tana da hujjarta, gama da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita kuma masu kai rahoto ke sanar da ɓarayi motsin sojoji. Sai dai wayar nan ita ce manomin Zurmi ke gargaɗin ƙauyen da ke gabansa da ita in ya hangi babura. An mayar wa Gusau layi ran 1 ga Oktoba, amma Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sai da suka ƙara makonni a rufe. Kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ran Alhamis, ta mutu, ma'aikaci kuwa sai ya bar jihar kafin ya ji muryar iyalinsa da ke nesa.

Ko kafin a rufe waya, hanyar magana tsakanin talaka da mahukunta ta daɗe da lalacewa. A da, in baƙo ya sauka a ƙauye, mai unguwa zai gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai fada, amsa kuma ta biyo wannan hanya ta dawo, wani lokaci da 'yan doka a bayanta. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kwashe sauran ikon. Watau an bar wa sarakuna aikin sauraro, an ɗauke musu ikon aikatawa. Mutum kuwa ba ya yawan kai ƙara inda ya san ba za a share masa hawaye ba.

Sa'an nan zargi ya shigo. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Muhammad Abubakar, ya shugabanta a 2019 ya zargi waɗansu sarakuna da hakimai da hannu cikin ta'asar. A watan Yuni na 2021 aka dakatar da Sarkin Zurmi, Atiku Abubakar, a watan Afrilu na 2022 kuma aka tuɓe shi tare da Sarkin Ɗansadau. Ko me mutum zai ce game da hukuncin, abin da ya shiga zuciyar talaka shi ne: fadar da zai kai sirrinsa ita ma ana tuhumarta. In ya faɗi abin da ya gani, mai yiwuwa labarin ya riga shi isa daji; in ya yi shiru, 'yan sa-kai su ce da shi ɗan rahoto ne. Yawanci shirun ya kan zaɓa, kuma ba don rashin kishi ba. Dagacin da ƙauyensa ke tara kuɗi domin ɓarayi su bar su su girbe gero ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, don shi ake aike, shi kuma ake kamawa.

Daga sama ma maganar ba ta zama ɗaya ba. A 2019 gwamnatin jiha ta ce sulhu, a 2021 ta ce ta janye. Gwamna Dauda Lawal, da ya hau a 2023, ya ce babu sulhu, har ya zargi waɗansu jami'an Tarayya da tattaunawa da ɓarayi a asirce, a watan Janairu na 2024 kuma ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Hakimin da ya zauna da ɓarayi da izinin gwamnati a wata shekara zai iya zama abin tuhuma a ta gaba, saboda haka ya koyi kame bakinsa, kamar yadda ƙaramin ma'aikaci ke yi in manyansa biyu sun ba shi umurni iri biyu.

Wani abin takaici, a watan Disamba na 2021 Bello Turji, wanda ya addabi ƙasar Shinkafi, ya rubuta wa Shugaban Ƙasa da Gwamna da Sarkin Shinkafi wasiƙa, cikin 'yan kwanaki kuma jaridu da gidajen rediyo suka yaɗa ta ko'ina. Takardar koken ƙauye ba ta taɓa samun irin wannan sauri ba. A watan Afrilu na 2024, sa'ad da ɓarayi suka kai wa fadar Sarkin Zurmi hari da dare, ba su fita garin ba sai da suka lalata turken waya.