Hayaƙin jiragen ruwa: wa zai biya?

Tun 1 ga Janairu 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku ta rage farar wutar da ke cikin man jiragen ruwa daga kashi 3,5 zuwa 0,5 bisa ɗari. A 2023 ta ƙudura cewa wajen 2050 jirage su daina ƙara wa duniya zafi. Cikin 2023 ɗin ne jirgin Laura Maersk, mai inji da ke cin metanol, ya fara aiki.

Amma mai mai tsabta ya fi baƙin mai tsada, kuma kuɗin dako bisa haja yake faɗawa. Nijar, wadda kayanta ke sauka Lome kafin su hau mota, za ta ji nauyin. Wajibi ne a saurari irin waɗannan ƙasashe wurin rabon kuɗin.