GYARA KAYANKA: Mutum Ɗaya Ba Ya Zama "Alumni"

Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Tun daga lokacin take yaye ɗalibai, waɗanda ake kira "alumni" da Turanci. To, wannan kalma tana yawan kayar da masu ilmi, domin sau da yawa akan ga mai digiri ya rubuta a takardar neman aiki cewa shi "alumni" ne na jami'a kaza. Wannan kuskure ne. Tamkar Bahaushe ne ya ce, "Ni mutane ne."

Dalili kuwa shi ne, Turawa sun aro kalmar daga Latin, suka taho da ita har da jam'inta, ba su liƙa mata harafin "s" yadda suka saba ba. Namiji ɗaya "alumnus" ne, mace ɗaya "alumna". Maza da yawa, ko maza da mata a haɗe, su ne "alumni". In mata ne zalla, kamar tsofaffin ɗaliban Kwalejin St. Louis ta Jos, sai a ce "alumnae".

Ga misali. Yakubu Dogara, Kakakin Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, "alumnus" ne na Jami'ar Jos. Pauline Tallen, wadda ta zama Mataimakiyar Gwamnan Filato a 2007, "alumna" ce. In aka haɗa su biyun, sun zama "alumni".

Asalin ma'anar kalmar a Latin shi ne ɗan riƙo, watau yaron da aka ciyar aka rena. Don haka ne ma ake yi wa makarantar da ta yaye mutum laƙabi da "alma mater", watau uwa mai renon 'ya'ya.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe wuya ba, tun da harshensa cike yake da irinsa. Jam'in sa shanu ne, na akuya awaki, na mace mata, kuma ba mai zuwa kara ya yi cinikin "shanu ɗaya".

Saboda haka mai neman aiki ya lura. Takardarsa ce ke riga shi shiga ofis, kuma mai dubawa zai iya ture ta gefe tun daga layin farko. Wanda makaranta ta rena, ya kyautu ya san sunan da ta raɗa masa.