Dusar Da Muke Zuba Wa Awaki

Ƙullewar ciki cuta ce da jama'a ke kunyar faɗa wa likita. Likitoci kuwa suna ɗaukarta ciwo sosai idan mutum ya yi wata uku bai zagaya sau uku a mako ba, ko kuwa sai da yunƙuri mai tsanani, wanda shi ke jawo basir.

Abin mamaki shi ne, a ƙasar Gaya da Ajingi, inda ake noman gero da dawa da wake, ma'aikaci da ɗalibi sun karkata ga farin burodi da taliya, dusa kuwa sai a zuba wa awaki. Alhali tun shekarun 1970 Dakta Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Uganda, ya nuna cewa harzar hatsi da ganye ita ke riƙe ruwa a hanji har bayan gida ya yi laushi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 25 nata kullum. Wake da zogale da miyar kuka suna da ita, amma sai an haɗa da shan ruwa da tafiya a ƙasa.

Filasko yana buɗe ciki na kwana ɗaya, ba ya kawar da sanadi. Tiramadol da kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, su ma suna ƙulle hanji.

A ganina, shugabannin makarantun kwana su fara da gyaran masai, domin ɗalibin da ke ƙyamarsa matsewa yake yi har hanjinsa ya saba. Wanda kuwa ya ga jini ko yana ramewa, to, ya nufi Babban Asibitin Gaya ba da jinkiri ba.