Kasuwar 'yan ƙwallo: Me ya sa Maraɗi ke raino, wasu na kwashe riba?

A ranar 1 ga watan Satumban 2025 da aka rufe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa ta Turai, Liverpool ta biya Newcastle fam miliyan 125 kan Alexander Isak, farashin da ba a taɓa biya ba a tarihin ƙwallon Ingila. Ƙungiyoyin Firimiya kaɗai sun kashe sama da fam biliyan 3 a wannan zango. Makonni kaɗan kafin nan, Galatasaray ta sayi Victor Osimhen daga Napoli kan Yuro miliyan 75, wato sama da sefa biliyan 49.

Waɗannan alƙaluma ba baƙi ba ne a fadodin matasan Maraɗi. Daga unguwar Zariya zuwa Bagalam da Ali Ɗan Sofo, daga gidajen kallo na Tibiri zuwa na Jiratawa, da zarar an ɗora shayi musu ya tashi: wane ya ci kuɗinsa, wane an yi asara, wace ƙungiya dillalai suka yi wa wayo. 'Yan ci-rani da ke Kano, Abijan, Libiya da Aljeriya su ma suna jefo nasu ta saƙon murya a WhatsApp. Wasu sun san shekarun da suka rage a kwantiragin ɗan wasa, da albashinsa na mako, da adadin da za a biya a fanshe shi.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai take shiga wannan musu ba. Idan yaron da ya tashi yana buga tamaula a filin makarantar Jiratawa ya yi fice, ya tafi Yamai, daga can ya ƙetare, nawa ke komowa ga waɗanda suka raine shi? A mafi yawan lokuta amsar ita ce ko dala.

Kofin da ya daɗe bai bar Yamai ba

Maraɗi tana da tarihi a ƙwallon Nijar. Jangorzo ta ci kofin gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi sahu a 1984. Amma wanda ya duba jerin zakarun shekarun baya-bayan nan zai ga gari ɗaya ne ke maimaita kansa. AS Police ta ci a 2008, Sahel a 2009, AS FAN ta sojoji a 2010 da 2016 da 2017, AS Douanes ta kwastan a 2013 da 2015, AS SONIDEP a 2018 da 2019, ƙungiyar jandarmomi USGN a 2021, ta kamfanin wutar lantarki NIGELEC a 2022, sai AS GNN ta dogarawan ƙasa a 2023 da 2024. Duka a Yamai suke, kuma in ban da Sahel, kowace na jingine da wata rundunar tsaro ko wata ma'aikatar gwamnati.

Dalilin a fili yake. Ƙungiyar da ke da hukuma a bayanta tana da kasafi, tana da motar tafiya, tana iya biyan ɗan wasa a ƙarshen wata. Ƙungiyoyin jihohi irin su Jangorzo da Ɗan Kasawa kuwa sun fi dogara ga aljihun masu hali da kuɗin ƙofa. Matashin da aka yi wa tayin albashi tabbatacce a babban birni ba shi da laifi idan ya ɗauki jakarsa. Ga iyali na jira, ga shekarun wasa ba su da yawa.

Daga Yamai ne kuma ƙofar waje take buɗewa. Moussa Maazou ya bar AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara guda bayan nan CSKA Moscow ta saye shi, ya kuma buga wasan aro a Monaco da Bordeaux. Victorien Adebayor ya bi ta Inter Allies ta Gana kafin ya isa HB Køge ta Denmak a 2020. Tsanin ke nan: ƙauye, babban birnin jiha, Yamai, sannan waje. Kowane mataki yana ƙara wa ɗan wasa daraja, amma matakin farko, inda aka fi shan wahala, shi ne ake mantawa da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda Ostareliya ta raba 'yan wasa

Wannan matsala ta rinjayen masu kuɗi ba a Nijar kaɗai take ba, kuma akwai inda aka yi mata wani magani na daban. A Ostareliya suna da tasu ƙwallon, mai siffar ƙwai, wadda ake kamawa da hannu a kuma buga da ƙafa, 'yan wasa 18 a kowane ɓangare. Babbar gasarsu, AFL, tana da ƙungiyoyi 18, kuma wasan ƙarshe a birnin Melbon yana tara mutum kusan 100,000.

A can ƙungiya ba ta zuwa da jakar kuɗi ta ɗauke yaron da ya fi kowa. Tun 1986 ake gudanar da zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙasa baki ɗaya. Ana jera matasan da suka kai shekara 18, sannan ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a teburi ita ke fara ɗauka. Haka West Coast, da ta ƙare a ƙasan teburi a 2023, ta samu Harley Reid, matashin da kowa ke nema a shekarar. Akwai kuma iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya gaba ɗaya, don kada mai arziki ya tara taurari shi kaɗai.

A watan Oktoba ake buɗe musaya, amma ba da tsabar kuɗi ba. Ana ba da ɗan wasa a karɓi wani, ko a karɓi lambar layi a zaɓen da ke tafe, har ma ta shekara mai zuwa. Aliir Aliir, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ya koma Port Adelaide daga Sydney a 2020 a kan irin wannan lamba. Don haka musun magoya bayansu ya sha bamban da na fadodin Maraɗi. Su abin da suke ja a kai shi ne, shin ya dace a ba da gogaggen ɗan wasa na yau saboda yaron da ba a ga wasansa ba tukuna?

Abin da zai hana a kwafo tsarin

A ido, tsarin yana da ban sha'awa ga mai goyon bayan ƙungiyar jiha. Amma ginshiƙan da ke riƙe da shi babu su a nan. AFL ita kaɗai ce babbar gasar irin wannan wasa a duniya, ɗan wasan da bai so ƙungiyar da ta zaɓe shi ba ba shi da wata ƙasa da zai gudu ya sami albashi irin wannan. Ba a kuma faɗuwa zuwa rukuni na biyu, sannan kuɗin talabijin da hukumar gasar ke rabawa ya isa kowace ƙungiya ta biya wanda ta ɗauka.

Ƙwallon ƙafa kuwa kasuwar duniya ce. Yaron Maraɗi da aka ce dole ya buga wa wata ƙungiya da ba ta iya biyansa, Jibiya na nan kusa, ga Katsina, ga Kano, ga Gana da Arewacin Afirka. Tun hukuncin Bosman na 1995 da na Lassana Diarra na Oktoban 2024, kotun Tarayyar Turai take ƙara sassauta igiyar da ƙungiyoyi ke ɗaure 'yan wasa da ita, kuma dokokin FIFA suna bin wannan alƙibla.

Abin da ya fi kama da daidaiton Ostareliya a Nijar yana filin kokawa. A gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkinta na farko, kowace jiha cikin takwas tana zuwa da 'yan kokawa goma. Yamai goma, Maraɗi goma, Diffa goma. Shi ya sa takobi ke yawo tsakanin jihohi, har Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi sau shida. Amma kokawa gasar kwana goma ce a shekara, ba ta buƙatar albashin wata tara.

Kuɗin da doka ta riga ta tanada

Idan rabon 'yan wasa ba zai yiwu ba, rabon kuɗin da suke jawowa yana yiwuwa, domin yana rubuce a dokokin FIFA. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce kason haɗin kai. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin kwantiraginsa ya ƙare, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. A ɗauka wata ƙaramar ƙungiya a Jiratawa ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17. Kasonta ya zama kashi 2 cikin 100. Idan wata rana aka sayar da shi Yuro miliyan 2, farashin da ba a ko ambata a labaran Turai, ƙungiyar na da Yuro 40,000, sama da sefa miliyan 26. Idan aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, ta sake karɓa.

Ta biyu ita ce diyyar horo, wadda ake biya lokacin da matashi ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Ana lissafa ta da matsayin ƙungiyar da ta ɗauke shi. Ƙungiyoyin Turai an kasa su aji huɗu, daga Yuro 90,000 a kowace shekarar horo zuwa 10,000. Idan ƙungiya mai aji na uku ta ɗauki wancan yaron, lissafin shekarunsa shida zai kai Yuro 100,000, kimanin sefa miliyan 65 da rabi. Kuɗi ne da zai sayi riguna da ƙwallaye, ya biya masu horarwa, ya gyara fili na shekaru.

Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe daga masu saye ya tura wa masu raino kai-tsaye. Ofishin yana aiki ne da fasfon ɗan wasa na kwamfuta, wanda ke nuna ƙungiyoyin da ya yi wa rajista tun yana shekara 12.

Inda gizo ke saƙa

A nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke faɗuwa. Fasfon bai san wanda ya saya wa yaro takalmi ba, bai san malamin da ya tsaya da shi a rana shekara biyar ba. Abin da ya sani shi ne lasisi. Ƙungiyar unguwa da ba ta da rajista da hukumar ƙwallon ƙasa FENIFOOT, ko wadda ke fitowa a gasar babban hutu kawai ta watse da komawar makaranta, a idon doka ba ta taɓa horar da kowa ba. Tarihin yaron zai fara ne daga ranar da wata ƙungiya ta yi masa lasisin farko, sau da yawa a birni.

Akwai kuma matsalar takardar haihuwa. Yara da dama a karkara ba a yi musu ita a kan lokaci ba, sai an zo jarrabawa ko tafiya a nemi ta kotu. Idan aka rage shekaru don yaro ya shiga gasar matasa, shekarun da ya yi a ƙungiyarsa ta farko suna iya faɗawa ƙasa da 12 a takarda, lissafin ya tafi da su.

Sannan ga masu zuwa da sunan dillanci. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙayyadaddu. Wanda ya ce iyaye su sayar da gona ko garka don a kai ɗan shekara 16 gwaji Turai, ya riga ya fita daga layin doka. Haka ma shugaban ƙaramar ƙungiya da aka miƙa wa takardar yafe diyyar horo a madadin buhun ƙwallaye, ya kamata ya san adadin da yake yafewa kafin ya sa hannu.

Senegal ta nuna abin da takarda ke iya yi. Makarantar Génération Foot, wadda ke da yarjejeniya da Metz ta Faransa tun 2003, ita ta fitar da Sadio Mané da Ismaïla Sarr, kuma sunanta na cikin fasfonsu duk inda aka sayar da su.

Abin da ke hannun Maraɗi

Gyaran farko bai buƙatar biliyoyi. Yana buƙatar reshen hukumar ƙwallo na jiha ya sauƙaƙa wa ƙungiyoyin Tibiri, Jiratawa da unguwannin birni yin rajista, ya kuma shirya gasar 'yan ƙasa da 15 da 17 da ake bugawa da lasisi duk shekara. Yana buƙatar FENIFOOT ta tsayar da ƙa'idar diyya ta cikin gida mai aiki, yadda ƙungiyar Yamai da ta ɗauki yaro daga jiha za ta biya wani abu, ko ta rubuta wa ƙungiyarsa ta asali kaso a cinikin gaba. Attajiran Maraɗi, da aka san su da lissafin fatauci, za su fi sa kuɗi a ƙwallo ranar da suka ga akwai hanyar da jari ke komowa.

'Yan ci-rani ma suna da rawar takawa. Da yawa suna aiko riguna da kofuna duk hutu, abin a yaba. Amma kuɗin rajistar ƙungiya da lasisin yara 25 zai fi kofin da za a ɗaga rana ɗaya amfani, domin shi ne zai sa sunan garin a fasfon yaro har ƙarshen wasansa.

Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN ta 'yan wasan gida a Aljeriya a farkon 2023. Masu baiwa suna nan. Za a sake buɗe kasuwar Turai, a sake musu kan miliyoyin wasu. Ƙungiyar da ta yi wa yaranta lasisi a bana ita ce za ta iya samun kaso a irin wannan ciniki nan da shekara bakwai ko takwas.