Farautar Ajiya a Dausayin Lekki: A Bar Yara Su Nema, Amma da Sharaɗi

Jama'a, akwai wani wasa da iyalai ke yi a Turai da Amurka wanda nake ganin ya kamata mu aro, mu kai shi dausayin Lekki da ke bakin teku a Legas. Turawa na ce masa jiyokashin. Ni dai a wannan ɗan rubutu zan kira shi farautar ajiya, domin abin da ake yi ke nan: wani ya ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu kuma su bi lambobin da wayar hannu har su gano shi. In mai karatu yana da sunan da ya fi wannan dacewa, bismilla, ya rubuto.

Wasan bai daɗe ba. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar sojan Amurka ne, suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,000 daga ƙasa, kuma na'ura tana buƙatar saƙo daga aƙalla guda 4 kafin ta gaya maka inda kake tsaye. Da can, da gangan sojan ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura kan yi kuskuren mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, kuskuren ya ragu sosai cikin dare ɗaya. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba 'yan kayayyaki da littafin sa hannu, ya sanar da lambobin wurin don ya gwada ko abin gaskiya ne. Ba a yi kwanaki ba aka gano bokitin. Yau akwai irin waɗannan ajiyoyi fiye da miliyan 3 a duniya. Dokokin kuwa ko yaro zai riƙe su. In ka gano, ka sa hannu a littafi. In ka ɗauki wani abu, ka ajiye wani a madadinsa. Ka mayar da akwatin yadda ka same shi. Ba a haƙa rami, ba a sa abinci.

To, me ya haɗa wannan da Lekki?

Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wato NCF, ita ta kafa Cibiyar Adana Halittu ta Lekki a 1990, a kan fili mai hekta 78. Mafi yawansa kurmi ne da ruwa ke kwance a gindinsa, sai ɗan fili mai ciyawa daga can ciki. An shimfiɗa gadar katako mai tsawon kusan kilomita 2 a kan ruwan, saboda mutane su ratsa ba tare da sun taka laka ba. Akwai birai, da kada, da kunkuru, da ɗawisu, da tsuntsaye iri-iri. A 2015 aka buɗe gadar sama mai lilo, mai tsawon mita 401, wadda ake cewa babu kamarta a Afirka wajen tsawo. Duk wanda ya san wurin ya san cewa wannan gada ita ce ke jan jama'a. A zo, a hau, a yi ihu, a ɗauki hoto, a sauka, a tafi. Kurmin da ke ƙarƙashi kuwa ko kallon kirki ba ya samu. Ka tambayi yaron da ya dawo daga can sunan itace guda ɗaya da ya gani, ka ji abin da zai ce maka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Legas kallon ƙasar banza ake yi wa dausayi. In an ga fadama, tunanin farko shi ne tifa nawa ta yashi za ta cike ta. Lokacin da aka kafa cibiyar, daji ne kewaye da ita; yanzu gidaje da ofisoshi da babban titin Lekki zuwa Epe sun sa ta tsakiya kamar tsibiri. Alhali dausayi kamar soso yake. Yana shanye ruwan sama, ya riƙe shi, ya sake shi sannu a hankali, saiwoyin itatuwansa kuma su riƙe ƙasa kada igiyar ruwa ta zaizaye ta. In ka cike shi da yashi ka zuba siminti, ruwan ba zai koma sama ba, falon wani zai shiga. Mazauna Lekki sun gani da idonsu a damunar 2024, lokacin da motoci suka nutse a kan titi. 'Yan'uwanmu na Haɗeja da Nguru ma sun san zancen ta wata fuskar, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwan da ke malala a fadamunsu ya canza, masunta da manoma suka ji a jikinsu. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2001, kuma kowace shekara ana bikin ranar dausayi ta duniya a 2 ga Fabrairu. Amma takarda da jawabi ba sa hana tifa zuba yashi. Mutanen da ke jin zafin wurin a zuciyarsu su ne ke hanawa, kuma mutum ba ya jin zafin abin da bai sani ba.

A nan ne nake ganin amfanin farautar ajiya. Yaron da ke neman abu, idonsa daban ne da na yaron da ake ja da hannu ana ce masa yi sauri. Mai nema yana tsayawa. Yana leƙa ƙarƙashin katako, yana duban saiwa, yana lura da cewa ruwan nan baƙi ne kamar shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, yana jin kukan tsuntsu ya ɗaga kai. Iyaye na kukan cewa waya ta ƙwace musu 'ya'ya. To ga wasan da wayar da kanta za ta fitar da su waje. Kuma wasa ne da ke daidaita babba da ƙarami. Uba yana riƙe da waya yana cewa saura mita 8, 'yar autarsa mai shekara shida da idonta ke kusa da ƙasa ita za ta fara hango akwatin. Wane uba ne ba zai so ganin wannan ba? Ban da haka, yaro zai koyi gabas da yamma, da karanta taswira, da kiyasin nisa, abubuwan da ake rubuta masa a allo yana hamma.

Sai dai in na tsaya nan, na cuci mai karatu. Wasan yana da illa, kuma illar ta fi tsanani a wuri irin Lekki.

Wayar hannu ba ta kai ka kan akwati daidai. Takan yi kuskuren 'yan mitoci, a ƙarƙashin itatuwa masu duhu kuskuren ya ƙaru. Ma'ana, masu nema za su yi ta zagaya wuri guda suna ɗaga ganye suna karya reshe. Iyali ɗaya ba komai, amma iyalai ɗari a wata guda za su mayar da wurin tamkar masussuka. A dausayi kuma sauka daga gada ba wasa ba ne, ga maciji ga kada, ga ƙwan tsuntsun da ke sheƙa a ƙasa. Saboda irin wannan ne hukumomin gandayen daji da dama a Amurka ba sa yarda a ɓoye akwati sai da izini, wasu ma sun hana ƙwata-ƙwata. Su da suka ƙirƙiro wasan ke nan.

Ga kuma batun tsaro. A watan Yuli na 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani yana ɓoye ɗan akwati a bakin titi, aka kira 'yan sanda, aka rufe shaguna, sojoji suka zo suka fasa shi da nakiya. Ashe ajiyar 'yan wasa ce. In haka ta faru a Ingila, yaya kake gani a ƙasarmu da ta sha fama da tashin bama-bamai? Kai, ko ba bam ba, a ga baƙo ya durƙusa a gindin itace yana cusa ƙulli a kogo, me za a ce? Za a ce asiri yake binnewa, kuma kafin ya gama bayanin tauraron ɗan'adam ya sha duka. Shi ya sa ban goyi bayan kowa ya tashi ya yi ta ɓoye kaya a unguwanni ba. Wasan nan a wurinmu sai cikin shinge, inda akwai masu gadi da suka san da zancen.

Saboda haka shawarata ga masu kula da cibiyar ita ce su riƙe abin da kansu. Su ne za su zaɓi wurare, kowace ajiya ta kasance inda hannun yaro zai kai yana tsaye a kan gadar katako ko a filin ciyawa, a kuma rubuta ƙarara a bakin ƙofa cewa duk wanda ya sauka daga gada ya fita daga wasa. Akwatunan su zama masu murfin da ke kullewa, a ɗaure su, don biran Lekki ba su da kunya, abin da ke hannunka ma ƙwacewa suke yi balle wanda aka ajiye. A cikin kowane akwati a sa kati mai sunan itace ko dabbar da ke wurin da Turanci da Yarbanci da Hausa da Ibo. A wuraren da suka fi rauni kuwa kada a sa akwati sam. Akwai nau'in wasan da aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Amurka, wanda lambobi ke kai ka wuri, a yi maka tambayar da ba za ka iya amsawa ba sai ka duba da idonka. Misali: wane launi ne ruwan da ke ƙarƙashinka, kuma me ya sa? Wannan ba ya barin sawu.

'Yan wasan suna da wata al'ada ta tsince shara a hanyarsu ta fita. Ita ma a haɗa da ita, a ba kowane iyali jaka a bakin ƙofa. Gwamnatin Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, amma ledar ruwa da gorar lemo suna nan suna yawo a kan ruwa.

Na san za a ce kuɗin shiga da kuɗin mota da na data sun fi ƙarfin talaka, kuma gaskiya ne. Amma ba dole sai kowa da wayarsa ba. Waya ɗaya ta ishi yara goma, lambobin kuma ana iya buga su a takarda. Makarantun firamare da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido sun riga sun biya kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne a raba yaran rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni malami da takardar lambobi. Fassara katunan zuwa Hausa kuwa aiki ne da ɗaliban wannan sashe za su iya gamawa cikin hutun zango ɗaya, in an ba mu jerin sunayen itatuwan.